Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru: yadda za ka zagaya Zariya ka ga tarihinta da rayuwar ɗalibanta

Akwai ɗalibin da zai shekara huɗu ko biyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya karɓi takardarsa ya koma garinsu, bai taɓa tsallake Ƙofar Doka ya shiga birnin Zariya ba. Iyakarsa Samaru inda jami'ar take, sai Sabon Gari in sayayya ta kama, sai tashar Kwangila ranar da aka ba da hutu. Haka kuma akwai baƙon da zai zo hawan Sallah, ya sha kallon dawaki a ƙofar fada, ya juya gida bai leƙa jami'ar ba. Kowannensu rabin gari ya gani, kuma abin yana damuna, domin karatu a Zariya bai fara da buɗe jami'a a 1962 ba. Tun kafin Turawa su zo, almajirai ke niƙo gari daga nesa su sauka a zaurukan malaman birni neman nahawu da lugga. Jami'a ta zo ne ta tarar da garin da ya riga ya saba da baƙo mai neman sani.

Saboda haka shawarata ita ce ka bi garin yadda shi kansa ya girma: ka fara daga cikin ganuwa, ka fito Tudun Wada da Kongo inda harabar jami'a ta biyu take, ka ratsa Wusasa, sannan ka ƙare a Samaru. Kwana biyu sun isa in ka tsara tafiyarka da kyau, uku kuwa sun fi.

Kafin ka taso

Abu na farko, ka bincika ko makaranta na ciki. Kalandar jami'a kan sauya, musamman bayan yajin aiki, don haka kada ka dogara da lissafin bara. Ka tambayi wani ɗalibi ko ka duba sanarwar jami'ar a intanet. In ka zo lokacin hutu, gine-gine kawai za ka gani. Lokacin da ya fi armashi shi ne tsakiyar zangon karatu, sa'ad da ƙungiyoyin ɗalibai ke bukukuwansu, ko kuma makon ƙarshe na jarrabawar masu fita.

Ta fuskar yanayi, daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu ya fi daɗin yawo. In Disamba ko Janairu za ka zo, ka riƙo rigar sanyi da man shafawa, don sanyin Samaru da asuba ba ya wasa. Daga Kaduna tafiyar kamar kilomita 80 ce, daga Kano kuwa wajen 150. Ka yi tafiyarka da rana. Masauki ya fi sauƙin samu a GRA da Sabon Gari da Samaru. A cikin gari bas da keke da acaɓa ne abin hawa, kuma ka riƙe sunaye huɗu a ka: Kwangila, PZ, Tudun Wada, Ƙofar Doka. Wanda ya san waɗannan ba zai ɓata ba. Ka riƙe canji a aljihu, ka riƙe katin shaida saboda ƙofar jami'a, ka sa takalmin da ke da sauƙin cirewa, domin a birni za ka yi ta tuɓe shi. Mace ta tanadi mayafi ko hijabi don shiga birni.

Abu mafi muhimmanci, ka nemi ɗan gari ya raka ka ranar farko. Lungunan birni ba su da alluna, kuma ƙofofi da yawa sai da sanayya suke buɗewa.

Ranar farko da safe: cikin ganuwa

Ka shiga ta Ƙofar Doka da hantsi. Kafin ka wuce, ka tsaya ka dubi abin da ya rage na ganuwar. A wasu wurare tudun jar ƙasa ne kawai ruwa ya zaizaye, a wasu kuma gidaje sun hau kanta. Sauran ƙofofin suna nan da sunayensu: Kuyambana, Gayan, Kona, Jatau, Bai, Galadima, Kibo. Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma tarihin baka ya danganta kafuwar wannan birni da gidan Bakwa Turunku, gidan da Sarauniya Amina ta fito, ya ce sunan ƙanwarta Zariya garin ya ci. Kafin nan mazaunin sarauta ya yi zama a Turunku da gindin dutsen Kufena.

Daga nan ka miƙe zuwa fada. Zanen da ke fuskar ƙofar, da launukansa masu ɗaukar ido, shi ne abin da kowa ke ɗauka a hoto, amma ka fara gaida dogarai ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka ɗaga waya. "Ranka ya daɗe" da ɗan rusunawa sun fi kowace takarda aiki a wurin. In an ba ka izinin shiga wani sashe, ka bi wanda aka haɗa ka da shi, kada ka yi gaban kanka.

Yana da kyau ka san ɗan tarihin gidan kafin ka isa. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci birnin. Sarkin Haɓe Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda yau ake kira Suleja bayan sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan. Tun daga lokacin gidaje huɗu ke sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarkin yanzu, Ahmad Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa ya fito, ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan gado. Ga abin da nake so ka lura da shi: cikin masu zaɓen sarki biyar na Zazzau, biyu limamai ne, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin malami a garin.

Kusa da fada Masallacin Juma'a yake, kuma in da za a ce abu ɗaya kawai za ka gani a Zariya, to shi zan zaɓa maka. Kafin 2023, daga waje ba a ganin komai na musamman, ginin siminti ne na zamani. Tsohon masallacin na cikinsa a lokacin, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, amma a Agustan 2023 wani sashen masallacin ya rufta, don haka ka fara tambaya abin da ya rage na tsohon ginin. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da tubali da azara kawai. Kada ka zo ranar Juma'a don kallon gini. Ka zo wata rana tsakanin hantsi da azahar, ka nemi masu kula da wurin, in tsohon ginin na nan kuma ana shiga, ka tuɓe takalmi ka shiga. Ka ba idonka lokaci ya saba da duhun ciki. Sannan ka tsaya gindin ginshiƙi ɗaya ka bi shi da ido: yadda ya taso da kauri daga ƙasa, ya rabu ya zama bakan gizo, ya lanƙwasa ya je ya haɗu da 'yan'uwansa a tsakiyar rufi. Ka dubi azarar da aka jera a saman, gajeru-gajeru, kowace na ɗauke da ta kusa da ita. Ka dubi zanen da aka yi a jikin ginshiƙan tun laka na ɗanye, layuka masu zurfi waɗanda yatsa zai iya bi. Azara ba ta da tsawon da za ta haye faɗin ɗaki irin wannan ita kaɗai, dabarar magini ce ta sa ta haye. Darajar ginin ta kai har an yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma ɗaliban zanen gine-gine daga Samaru kan zo su auna shi su zana. Wanda ba Musulmi ba ya nemi izini tukuna, ya bi abin da aka ce masa. Har yau akwai unguwa a birni da ake kira Babban Gwani.

Bayan masallaci, ka roƙi ɗan rakiyarka ya kai ka zauren karatu a Unguwar Juma ko Kona. Lokacinsa bayan asuba ne ko bayan la'asar, don haka wataƙila sai ka dawo. Ka yi sallama, ka zauna daga baya, ka yi shiru. Malam na kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, cikinsu har da masu furfura da ma'aikatan gwamnati. Kowa da littafinsa da inda ya tsaya jiya, wani fiƙihu, wani nahawu. Ɗalibi ya karanto Larabci, malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, ɗalibi na amsawa da "na'am". In ya gama ya matsa, na gaba ya gurfana. Babu rajista, babu jarrabawa, babu ranar gamawa. Kada ka ɗauki hoto sai an yarda, kuma in za ka tashi ka ajiye ɗan abin sadaka. A cikin masu zaman nan ba wuya ka sami wanda da safe yana ɗakin lacca a Kongo ko Samaru.

Sauran safiyar ka yi yawo a ƙafa. Ka lura da manyan itatuwan rimi, waɗanda har unguwanni suka ci sunansu, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Ka lura da zankwayen da ke saman tsofaffin gidaje, da masu ɗinkin hannu zaune a ƙofar gida da allura suna fitar da aska a wuyan babbar riga. In kana son tsaraba, a nan za ka yi cinikin riga ko hula, kuma ka sani aikin hannu na ɗaukar makonni, kada ka taya shi da farashin na inji.

Da rana: Tudun Wada, Gaskiya, Barewa, Kongo

Da ka fito daga ganuwa ka shiga wani zamanin. Turawa sun raba garin kashi-kashi: birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada na baƙin Arewa, Sabon Gari na waɗanda jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu bayan layin dogo ya iso wajen 1911, sai unguwar Turawa. Wannan rabo har yau ana ganin sawunsa.

Duk mai karanta Hausar boko yana da dalilin zuwa Gaskiya, can wajen Tukur-Tukur. A Zariya hukumar talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta fito da marubutan Hausa na farko a boko. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sannan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Yawancin littattafan Hausa da iyayenmu suka karanta a firamare daga wannan unguwa suka fito. Wurin ba gidan tarihi ba ne, ba kuma wanda zai tarbe ka da bayani, amma ka je ka ga ginin, ka tambaya ko akwai inda ake sayar da littattafai.

Ba nisa daga nan Kwalejin Barewa take. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta tun tana Katsina. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk tsofaffin ɗalibanta ne. Makarantar yara ce mai aiki, saboda haka ofishin shugaban makaranta za ka fara zuwa, kuma kada ka ɗauki hoton yara. In lokaci ya ƙure, kwalejin Alhudahuda da ke birni ka wuce ta ƙofarta kawai.

Kongo ita ce harabar jami'a ta biyu, kuma ta girmi jami'ar kanta, domin tun a shekarun 1940 ake horar da akawuna a wurin, kafin ta zama cibiyar koyar da aikin mulki wadda ta horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an gwamnatin Jihar Arewa. An san ta da karatun shari'a da na mulki. Ƙarama ce, awa ɗaya ta ishe ka. Za ka gane ɗaliban lauya da shigarsu ta baƙi da fari. Ɗakin karatunta na ɗauke da sunan Shugaba Kennedy na Amurka. In ka yi sa'a ana kotun gwaji, ka nemi izini ka zauna: ɗalibi ne alƙali, ɗalibai ne lauyoyi, ana kawo hujja ana rushewa da gaske.

Da yamma: Wusasa da Kufena

Mutane da yawa kan tsallake Wusasa, kuma kuskure ne. 'Yan mishan na CMS, waɗanda Dokta Walter Miller ya jagoranta, sun fara zama ne a cikin birni, sannan suka koma Wusasa wajen 1929. Suka gina coci da asibiti da makaranta. Cocin Saint Bartholomew da ƙasa aka gina shi, da bakan gizo da azara, ginin Hausa sak, hannun magina irin waɗanda suka gaji Babban Gwani. Wanda ya ga masallaci da safe ya ga wannan da yamma zai gane cewa gwanintar gari ɗaya ce ta yi su. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Daga wannan ƙaramar unguwa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, a nan Gowon ya tashi, kuma a nan Ishaya Audu, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar, ya yi karatun farko. Ka nemi mai kula da cocin ya buɗe maka, ka shiga da ladabin da ka shiga masallaci da shi.

Dutsen Kufena na tsaye a bayan unguwar. In kana da ƙarfin gwiwa ka hau bayan la'asar tare da ɗan gari, kada ka hau kai kaɗai, kuma ka sauko kafin magariba. Daga sama za ka ga birni da rimayensa a gefe guda, gonaki shimfiɗe a ɗaya gefen.

Rana ta biyu: Samaru

Daga Kwangila ka hau motar Samaru ta hanyar Sakkwato. Za ka wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, wadda aka kafa a 1964, sau da yawa ma za ka ga ƙananan jiragen koyo na shawagi. Ka sauka a babbar ƙofa, ka nuna katinka in an tambaya, ka faɗi inda za ka.

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962. Ba a fili aka fara ta ba, an haɗa makarantun da ke akwai ne: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, cibiyar Kongo, tashar binciken noma ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano wadda daga baya ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Sardauna ne uban jami'a na farko. Norman Alexander, mutumin New Zealand, shi ya fara shugabantarta, sannan Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975.

Harabar na da faɗi ƙwarai, kada ka ce sai ka ga ko'ina. Ka sa dogon benen Sanet, ofishin hukumar jami'ar, ya zama alamarka, duk inda ka shiga kana hango shi. Daga nan ka nufi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda ya ci sunan gwamnan Jihar Arewa. Baƙo ba ya shiga kai tsaye, sai ya yi bayani a teburin shiga, wani lokaci da takardar gabatarwa. Mai son tarihi ya leƙa sashen Tarihi, inda Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka koyar, suka kafa al'adar tuhumar duk abin da Turawan mulki suka rubuta game da mu, da komawa ga rubutun ajami da Larabci da bakin dattawa.

Inda nake so ka daɗe shi ne sashen zane da sassaƙa. A filin da ke kusa da shi akwai lambun mutum-mutumi, ayyukan da ɗalibai suka bari shekara bayan shekara, na siminti da na ƙarfe, wasu sun yi gansakuka, wasu sababbi fil: mai kiɗa, mai ɗauke da tulu, mahayin doki, da siffofin da sai ka zagaya su sau biyu kafin ka gane. A wannan sashe ne a 1958, tun kafin a kira wurin jami'a, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turai ba, sai sun haɗa da fasahar gida. Daga baya sun zama manyan masu zane na Najeriya. Ka leƙa ɗakunan aiki, ɗalibai ba sa ƙin nuna abin da suke yi in ka tambaya da mutunci.

Sai dandalin wasan kwaikwayo, wanda Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe: ɗakunan ƙasa kewaye da fili, 'yan kallo da 'yan wasa kusa da juna. Ka duba allon sanarwa, in akwai wasa da daddare ka tsaya ka gani.

Ka kuma karanta sunayen ɗakunan kwanan ɗalibai yayin da kake wucewa: Amina, Ɗanfodiyo, Ribadu, Suleiman, ICSA, Ramat, Alexander, Akenzua. Na ƙarshen Sarkin Benin ne, Oba Akenzua na biyu, wanda ya zama uban jami'a bayan Sardauna. ICSA kuwa hukumar da ta riƙe kadarorin Arewa ce bayan an raba jihohi a 1967, har da jami'ar, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975. Kada ka shiga ɗakunan kwana ba tare da mai masauki ba, na mata kuwa namiji iyakarsa ƙofa. In kai manomi ne, ka tsallaka cibiyar binciken noma ta IAR. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake da ake sayarwa da sunan SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA daga nan suka fito. Da yamma ka gangara madatsar ruwa ta Kubanni ka sha iska, ko ka tsaya filin ƙwallon kwando. Zariya ta yi suna a wasan, a garin Masai Ujiri ya tashi ya koye shi, kafin ya jagoranci ƙungiyar Toronto ta ci kofin NBA a 2019.

Yadda za ka ga al'adun ɗalibai

Waɗannan ba a ajiye suke wuri ɗaya ba, sai ka daidaita zuwanka da lokacinsu, kuma ka sami ɗalibin da zai ja ka.

A farkon shekarar karatu ana rantsar da sababbin ɗalibai. Ranar za ka ga harabar cike da riguna da huluna na aro, iyaye sun zo daga ƙauye da kulolin abinci, masu hoto na ta kai da kawo. Sabon ɗalibi, wanda tsofaffi ke tsokana da Jambito, ana gane shi da fayil a hammata da tambayar hanya. Abin da ke burge ni a wannan lokaci shi ne yadda ƙungiyoyin jihohi da na ƙananan hukumomi da na addini ke kafa tebura suna neman nasu: a nuna wa yaro inda zai yi rajista, a sama masa wurin kwana, wani lokaci ɗan garinsu ya raba katifa da shi har ya sami gado. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da ta Kirista ta FCS kan shirya darussan bita kyauta, na gaba ya koyar da na baya. Wanda ya ga zauren birni jiya ba zai ji wannan baƙon abu ba.

A tsakiyar zango ake bukukuwan al'adu, kuma su ne abin kallo na gaske, domin jami'ar na tara ɗalibai daga kowace jiha ta Najeriya har da maƙwabta. Rana ɗaya za ka ga Tibi da baƙi da farin saƙinsu, Nupawa, Kanuri, Yarbawa, Ibo, Fulani da sanda da malfa, kowa da kiɗansa da abincinsa. Ƙungiyoyi da dama kan naɗa sarkinsu na ɗalibai, da rawani da fadawa da 'yan kirari. Masu nazarin Hausa kan yi Makon Hausa, da waƙa da kacici-kacici da muhawara da wasan kwaikwayo. Yawancin waɗannan a fili ake yi, kowa na iya tsayawa. In an miƙo maka abinci ka karɓa.

In jarrabawa ta matso, harabar kan canza. Ka zagaya da misalin sha ɗayan dare tare da mai masaukinka: ajujuwa cike, kowa da bargo ko rigar sanyi, da fitilar caji saboda ɗaukewar wuta, wasu sun kifa kai a kan benci, wasu na zagaye a waje suna haddace da ƙarfi. Ɗalibai na kiran wannan TDB, karatu har wayewar gari. Masu shayi ba sa tashi, ana ta soya Indomie da ƙwai, masu awara da ƙosai na gefe. Ka zauna a bencin mai shayi ka saurara. A nan za ka ji ainihin hirar jami'a, daga wuyar darasi zuwa siyasar ƙasa.

Siyasar nan tana da tarihi mai nauyi, kuma bai kamata baƙo ya taɓa ta da wasa ba. A Afrilun 1978 ɗaliban ƙasar nan suka yi bore kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, boren da aka sani da neman saukar Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na lokacin, kuma an kashe ɗalibai a Samaru. A Mayun 1986 rikicin da ya samo asali daga jerin gwanon tunawa da waɗancan mamata ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta a harabar, aka sake rasa rayuka, jami'o'in ƙasar suka ɗauki zafi. In ka ji ɗalibai na kiran "aluta", kirarinsu na gwagwarmaya, a taro, ka san akwai jini a bayan kalmar. In ka haɗu da tsohon ɗalibi ko tsohon ma'aikaci na wancan zamani, ka tambaye shi a natse, ka bar shi ya faɗa da bakinsa.

Ranar da masu fita suka rubuta takardar ƙarshe, sai su fito da fararen riguna, abokai da ƙanne su bi su da alƙalami mai kaurin rubutu suna rubuta musu addu'a da sa hannu har rigar ta cika. Ana kiɗa, ana hoto, wasu na kuka, wasu kuma daga ɗakin jarrabawa masallaci ko coci suke wucewa. In wani ya miƙo maka alƙalami, ko ba ka san shi ba, ka rubuta masa "Allah ya sa albarka". Mace kuwa sai in ita ta nema, kuma ka rubuta inda ta nuna.

Bikin yaye ɗalibai shi ne mafi girma, da jerin gwanon malamai cikin rigunansu masu launi, da sarakuna da manyan baƙi. In shi za ka zo, ka kama masauki da wuri ƙwarai, don ɗakuna kan ƙare daga Samaru har GRA, hanyar Sakkwato kuma kan cushe tun da safe. Ka shigo harabar kafin ƙarfe takwas, ka bar mota nesa ka taka. Ranar komawa ka biya kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari ka sayi rake da mazarƙwaila, waɗanda ƙasar Zazzau ta yi suna da su, ka kama hanya tun rana na sama.